Ruwan Wankan Inna

Furfura ta fara fito mini tun farkon zuwana koyarwa Sakajiki, yanzu kuwa in na tuɓe ɗankwali fari ya fi baƙi yawa. Gwiwata ta dama tana sanar da ni hadari kafin ya haɗo. Cikin yaran da na koya wa baƙi da wasali har akwai waɗanda suka aurar da 'ya'ya. Amma in ta bakin mutane za a bi, har yau ban girma ba. Ko a makon jiya da na shiga motar kasuwa, wani mai rawani da na tabbata na girme shi ya zunguri jakata da ƙafa ya ce, "Ke yarinya, matsa can." Na matsa. Ba tsoronsa na ji ba, na dai gaji da amsawa ne, kuma wadda nake kai wa ƙara in an faɗa mini irin wannan ba ta duniya.

A wajenmu mace ba da shekaru take girma ba, da haihuwa take girma. Ranar da ta sauka lafiya, ko goshinta bai gama washewa daga ƙuruciya ba, ta zama uwar wane, a shimfiɗa mata tabarma cikin manya. Ni kuwa Allah bai ba ni ba. Na yi aure a Shinkafi, gidan wani dillalin shanu, mutumin kirki daidai gwargwado, na shekara goma da ɗoriya ana kirana Amarya. Yaran da aka haifa ina gidan suka tashi suka iske sunan, suka ɗauka shi aka raɗa mini. In baƙi suka zo zaure sai in jiyo maigidan yana cewa, "Bari in sa yarinyag ga ta kawo muku hura." Ba da mugunta yake faɗa ba, haka ya ji ubansa yana faɗa. Da auren ya mutu, ba faɗa ba zagi, sai na tashi daga Amarya na koma bazawara, kalmar da ban taɓa jin namiji ya furta ta ba tare da ɗan murmushi a gefen baki ba.

A makaranta ma ba ta sake zane ba. In ana taron malamai, hedimasta yakan fara da, "Malamai, barkanku da zuwa," sannan ya juyo wajen bencinmu ya ce, "da ku 'yan matanmu." Mu ne masu zuba zoɓo in an tashi. Wata rana abin ya ishe ni, na ɗaga hannu kamar ɗaliba na ce, "Ranka shi daɗe, wace ce 'yan mata a nan? Ni dai na riga rabin mazan ga kama aiki." Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce Malama akwai zafin kai, ai yabo ne, ana nufin ban tsufa ba. Ta kusa da ni ta mintsine ni a cinya. Daga ranar aka sa mini ido a matsayin mai baki, 'yan matanmu kuwa bai fasa ba har ya yi ritaya.

Mutum ɗaya ce tak ta ba ni girma tun ina rarrafe, ita ce Inna, mahaifiyata. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka bakinta bai taɓa furta shi ba. Uwata take ce mini. "Uwata, taho ki ci tuwo." "Uwata, wa yat taɓa ki?" Ko laifi na yi ba ta iya zagina, don zagin zai wuce ni ya sauka kan tsohuwa a kushewa, sai dai ta cije leɓe ta ce, "Kin ci darajar mai suna." Ƙanena, wanda ni na goya shi har bayana ya yi kanta, shi ya sha dukan da ya kamata mu raba. Da na girma, duk ranar da duniya ta ƙuntata mini da yarinya da bazawara, in na je garinmu Dauran na zauna bakin murhunta na zazzage mata, sai ta ce, "Rabu da su, Uwata. Baki na, ba shi da ƙashi." In dawo Kaura da sauƙi a raina.

Ɗaki ɗaya nake haya a Kaura, ciki da ɗan tsakar gida. Kullum in tafi Sakajiki da safe a kan kabu-kabu, in dawo bayan azahar. Ina da wata ɗabi'a da maƙwabta suke yi mini dariya a kanta: in na iso ƙofata sai na yi sallama kafin in sa makulli, alhali na san ba mai amsawa. Inna ce ta koya mana ba a shiga ɗaki ba sallama, ko babu kowa. Na daɗe ina yi ba na jin komai. Daga baya ne shirun da ke biyo bayan sallamar ya fara yi mini nauyi.

Wata shekara bayan an gama kaka, na dawo daga makaranta na tarar da Inna zaune a bakin ƙofata da ƙullin kayanta. Na san ba lafiya ba, don Inna ba mai yawo ba ce, ko biki sai ya zama dole. Ta ci abinci, ta yi salla, ta tambayi lafiyar masu gidan haya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in tura ƙofa. Ta sassauta zanenta, ta kama hannuna ta ɗora a kan nononta na hagu. Abin da na taɓa tauri gare shi kamar ƙwallon goruba, fatar wurin ta tattare.

Ta ce, "Ba wanda yas sani. Ko Goggonku. Ita ma fa, ita ce ba ni son ta sani."

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Tun rasuwarsa ita ce babba a gidanmu na Dauran. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke yanke cibi, ita ke wanke duk macen da ta rasu a dangi. Ba muguwa ba ce, amma idonta ba ya barin komai, kuma ita da Inna sun shekara hamsin suna wasan dangin miji, irin wasan da ake dariya a fili a je ɗaki a yi tsaki. Inna mace ce mai kunyar jikinta. Ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba.

Na kai ta babban asibiti. Likitan da ya duba ta yaro ne sabon jini, ya gama bayaninsa cikin ladabi, sannan ya leƙa bayana ya ce, "Ba wani babba tare da ku?" Namiji yake nufi. Na ce masa ni ce babbar, in akwai abin faɗi ya faɗa mini. Ya faɗa. Sai an cire nonon gaba ɗaya.

Aka yi aikin, Allah ya sa ta tashi. Sau ɗaya na ga hawayenta, ranar da aka kwance bandeji ta sunkuya ta kalli wurin. Ta ce, "Shi kunka sha, ke da ƙanenki. Yanzu na koma rabin mace." Na yi mata faɗa sosai a kan wannan magana, na ce wa ya auna mace da nono, ta bar ni na gama. Ban canza mata ra'ayi ba. Mutanen Dauran kuwa muka ce musu hawan jini ne da ciwon ƙafa, likita ya ce ta zauna kusa da asibiti.

Da ta fara warwarewa na yanki wani tsohon zanenta mai taushi, na cusa auduga, na ɗinke shi daidai girman ɗayan, na sa masa igiya. In ta ɗaura shi ta ja zane ta yafa mayafi, ko Goggo ba za ta gane ba. Ajiyata take ce masa. "Uwata, ina ajiyata? Baƙi na tahe." Har dariya muke yi a kansa. Wata rana kazar maƙwabta ta ja shi daga inda na shanya, muka bi ta a tsakar gida ni da tsohuwa mai ɗinki a ƙirji, tana cewa in yi a hankali kada a tambaye mu abin da kaza ta ɗauka.

Watannin nan su ne mafi daɗi a zamana na Kaura, ko da yake ciwo ne ya kawo su. In na sauka daga kabu-kabu tun daga lungu nake jiyo rediyonta. In yi sallama a amsa mini. Ni nake yi mata wanka, don hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Inna ta tsani ruwan sanyi tun tana da ƙarfinta, ko a bazara sai an ɗumama mata, kuma ba ta yarda da tafin hannuna. Cewa take hannun da ya saba da tukunya ƙarya yake yi, sai dai in tsoma gwiwar hannu. In ya yi daidai ta zauna a kan kujerar tsugunne ta rufe ido, ina zuba mata da ƙoƙo, ina bin tabon a hankali da tsumma.

A wajen wankan ne ta faɗa mini. Idonta a rufe, ruwa yana bin wuyanta.

"Uwata, in ta Allah ta kasance, ke za ki wanke ni. Ke ɗai. In ana son mai zuba ruwa, ta tsaya ta baya. Kada ki bari idon kowa shi ga wanga wuri. Ki ruhwa min asiri kamar yadda kinka ruhe shi ina da rai."

Na ce ta daina irin wannan zance. Ta buɗe ido ta ce ba zance take yi ba, amsa take jira. Na ce na ɗauki alkawari.

Na san gidanmu, don haka da ƙanena ya zo ɗaukarta gab da faɗuwar damina, na matsa mata ta maimaita a gabansa. Ta maimaita, ba tare da dalilin ba. Yana zaune a kan kujerata yana danna waya, ya ɗago ya yi dariya ya ce, "Kai, Inna! Ku mata ba ku da hira sai ta mutuwa. Allah shi ba ki yawan rai." Ya miƙe ya ɗauki ƙullin kayanta. Na yi niyyar tsayar da shi in sa shi ya amsa da bakinsa, Inna ta girgiza mini kai. A ganinta an riga an faɗa, an kuma ji.

Ta ƙara shekara guda da wani abu a Dauran. Ina zuwa duk hutu, da duk ƙarshen makon da hanya ta yi lafiya. Ciwon ya dawo ta ciki, ta rame, ta ƙi komawa asibiti, ta ce ta gaji da nuna jikinta. Da kanta take lallaɓawa ta yi wanka, ta ɗaura ajiyarta kafin kowa ya shigo. In za mu rabu takan riƙe hannuna ta ce, "Kina dai tune?" In ce ina tune.

Ina cikin aji da safe wayar ta shigo. Ƙanena ne. Ya ce, "Inna ta cika, ki taho." Ban san yadda na koma Kaura ba, ban san wanda ya biya mini kuɗin motar Zurmi mai bi ta Dauran ba. Abu ɗaya ne a kaina duk tsawon hanya: kada su fara kafin in iso.

Ba su fara ba. Na tarar da ƙofar gida cike da maza, an riga an tafi haƙa kabari, kowa yana duban rana, don waɗanda suka zo daga Zurmi da Shinkafi suna son su juya kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki. Na ratsa mata a tsakar gida ban tsaya karɓar gaisuwa ba, na nufi ɗakin Inna. Daga bakin ƙofa na hango ta a miƙe an lulluɓe ta da zanenta har ka. Goggo tana tsaye tana naɗe hannun riga, wata tsohuwar maƙwabciya tana warware likkafani.

Na ajiye jakata na fara cire mayafi. Na ce, "Goggo, ni za ni yi mata."

Ta dube ni da jajayen idanu, don ita ma ta sha kuka. Ta dafa kafaɗata da tausayi na gaske ta ce, "Sannu, ɗiyata. Hita waje ki zamna. Wanga aiki ba na yara ba na."

Na ce, "Goggo, na haura arba'in da biyar."

"Ko ɗari kinka yi. Gidan ga, wadda ba ta san zahin naƙuda ba ba ta wankan gawa. Haka munka iske. Zuciyarki ba ta ɗauka, ki zo ki hwaɗi muna a kai." Ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa matar ƙanena kira, ta ce ta zo ta kama musu, ana son babbar mace ta uku.

Matar ƙanena ɗalibata ce. Lokacin da na fara koyarwa a Dauran, kafin aurena, tana aji ɗaya, ni na riƙe hannunta ta koyi riƙon fensir, ni nake share mata majina da gefen mayafina. Yanzu 'ya'yanta shida. Ta zo ta raɓa ta gefena kanta a ƙasa, ta ce, "Malama, ki yi haƙuri," ta shige.

Na ce wa Goggo wasiyya ce, Inna ta bar mini, kuma akwai shaida. Na fita da sauri har bakin zaure na sa aka kira mini ƙanena. Ya zo yana share gumi. Na ce ya faɗa wa Goggo abin da Inna ta ce a ɗakina ranar da ya zo ɗaukarta. Na ga alamar ya tuna. Sannan ya dubi mazan da ke jira a waje, ya dubi Goggo da ta biyo ni, ya ce, "Goggo, ku yi haƙuri da ita, kun san halinta. Hirarsu ta ta mata sunka yi, ba wata wasiyya ba ta. Don Allah ku hanzarta, mutane na jira." Ya juya ya koma cikin maza.

Nan na ɗaga murya. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai tuna na ce wanda na goya shi ne yau yake ba da haƙuri a kaina. Mata suka taso, wannan ta ce haba, wannan ta ce ana makoki, wata ta ce a bar ta, zafin rashi ne, yarinya ce ba ta saba ba. Goggo ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta matso kusa da ni, ba da faɗa ba, ta ce, "To, hwaɗa min. Don mi za ta ce ke? Ni da niw wanke uwayenmu, mi niy yi mata? In da dalili, hwaɗi, ga mutane na ji."

Tsakar gida ta yi tsit, ido ya dawo kaina. Dalilin yana bakina. Da na faɗe shi, na san Goggo za ta matsa ta ba ni hanya, don ba ta kai nan a rashin imani ba. Amma in na faɗe shi a gaban matan Dauran kaf, me ya rage da zan shiga in rufe? Na ce, "Haka dai tac ce."

Goggo ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kin gani ko. To in lada kika so, yarinya, tai ki kawo muna ruwa." Ta shiga ta saki asabari.

Na tafi murhu. Wata ta riga ta cika bokiti daga randa tana shirin kai musu haka nan da sanyinsa, na karɓe shi daga hannunta. Na hura wuta, na ɗora babbar tukunya. Na dandaƙa ganyen magarya da kaina na tace. Aka aiko daga zaure wai me ake jira, na yi kamar ban ji ba. Da ruwan ya yi zafi na sirka, na naɗe hannun rigata na tsoma gwiwar hannu. Ya ɗan fi yadda take so, na ƙara na sanyi kaɗan na sake tsomawa. Sannan na ɗauka na kai bakin ƙofa. Hannun ɗalibata ya fito ta gefen asabari ya karɓa.

Na zagaya na zauna a ƙasa, na jingina da bangon ɗakin, daidai ƙarƙashin 'yar tagar. Ina jin motsinsu. Na ji Goggo ta yi bisimilla, na ji ƙarar ƙoƙo a bakin bokiti. Na san zanen da za su fara kwancewa, na san igiyar da za su tarar a ƙarƙashinsa, ƙulli biyu, don ni na koya mata ɗaurin. Ina zaune ina lissafa hannuwansu a raina.

Sai motsin ya tsaya. Na ji matar ƙanena ta ce, "Innalillahi!" da ƙarfi, irin na wanda ya taka wuta. Tsohuwar maƙwabciya ta fara salati. Muryar Goggo ta fito ƙasa-ƙasa: "Ke, ruhe muna baki." Aka daɗe ba a zuba ruwa ba. Ni kuwa na kifa kaina a gwiwa, na ce, Inna ki yafe mini, ban san ko a fili na faɗa ba ko a zuci. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba, ga gida cike da dangina, ba kuma wanda zan iya gaya wa abin da nake wa kuka. Can ruwa ya ci gaba da zuba. Sau biyu suka miƙo bokiti, sau biyu na tashi na sirka na tsoma gwiwar hannu.

Da suka gama, Goggo ta ɗaga asabari ta ce, "Yara su shigo su yi mata bankwana." Na shiga cikin jikoki. Ɗakin yana ƙanshin kafur da turare. Sun yi aikinsu da kyau, ba zan ƙi faɗin gaskiya ba. Fuskarta ta yi fes. Amma idona bai tsaya a fuskar ba, ya sauka kan likkafani, inda ɓangaren hagu ya kwanta shafal. Goggo ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Maza suka shigo da makara.

Addini ya hana mai wankan gawa faɗin abin da ya gani, kowa ya san wannan. Ban san bakin da ya fara ba, ban kuma bincika ba. Ranar addu'ar uku ina rabon gumba, wata dattijuwa daga bayan gari ta jawo hannuna ta rage murya ta ce, "Wai ashe yanke mata shi anka yi? Allah sarki, baiwar Allah, da abu guda taz zamna cikinmu." Ta shafa nata ƙirjin tana girgiza kai. Na waiga na ga wasu biyu a gindin turmi suna jiran amsata. Na ajiye ƙwaryar gumbar a gabansu na shige ɗakin Inna, na zauna a bakin gadonta har rana ta yi sanyi.

Ranar da zan koma Kaura na shiga yi wa Goggo sallama. Ta ce in tura ƙofa. Ta ɗaga matashinta ta zaro wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali, ta sa mini a hannu. Tun kafin in buɗe na san ko mene ne. Ta wanke shi, ta shanya a inda ba wanda zai gani, ta naɗe igiyar a jikinsa.

Ta ce, "Ɗinkinki na. Na gane hannunki." Ta ɗago ta dube ni. "Ashe ke ɗai kinka ɗauki wanga kaya? Asibiti, da jinya, da komi? Mi yah hana ki jawo ni gehe ki raɗa min?"

Na ce, "Ke ce ta fi gudun ki gani, Goggo."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai yawa, irin kukan tsofaffi da ba ya fita da sauti. Na zauna ina kallonta. Na so in ji haushinta kamar yadda na ji a bakin ƙofar nan, ban iya ba, na kuma kasa rarrashinta. Da ta natsu ta share ido, ta kama hannuwana biyu ta riƙe gam.

"Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ki mai yi miki. Wallahi abin da kinka yi, manya ma ba kowa ka iya shi ba, yarinya."

Na ce amin. Na sa ajiyar Inna a jaka na fito.

Na iso Kaura ana kiran la'asar. Lungunmu shiru, ba rediyo. Na tsaya a bakin ƙofata na yi sallama kamar yadda ta koya mana, na ɗan jira, sannan na laluba jaka na ciro makulli.